Bugun Farko da Wasiƙun Marubuta: Tarihin Jabu Biyu a Turai

Tun daga ƙarni na 19 wata sha'awa ta bunƙasa tsakanin attajirai da malaman Turai, watau ta tara bugun farko na littattafan mashahuran marubuta da kuma wasiƙun da suka sa wa hannu. Dalilin darajar waɗannan abubuwa shi ne, ana ɗaukarsu a matsayin shaidu: bugun farko ya kan nuna yadda littafi ya fito daga hannun mai shi kafin a yi masa gyara, wasiƙa kuwa ta kan bayyana abin da ke zuciyarsa a wata rana takamaimiya. To, da yake shaida na iya yin zur, maƙasudin wannan lacca shi ne duba yadda aka yaudari masana har sau biyu, da kuma abin da ya tona asirin.

Misali na farko daga Faransa yake. Michel Chasles babban masanin lissafi ne, kuma wakili a Majalisar Masana Kimiyya ta birnin Faris. Tsakanin 1861 da 1869 wani mutum mai suna Vrain-Denis Lucas ya sayar masa da wasiƙu sama da 27,000 a kan kuɗi kimanin faran 140,000. A cikinsu har da wasiƙun da aka ce na Sarauniya Kiliyobatara ne da na Iskandar Mai Girma, alhali kuwa duk da Faransanci aka rubuta su. A 1867 Chasles ya gabatar wa majalisar da waɗansu wasiƙu masu nuna cewa wai Pascal, Bafaranshe, ya riga Newton na Ingila gano ƙa'idar maganaɗisun ƙasa. Kishin ƙasa ya rufe masa ido, har ya yi shekara biyu yana kāre su, duk da cewa Newton bai cika shekara 20 ba sa'ad da Pascal ya rasu a 1662. Daga ƙarshe, a 1870 aka yanke wa Lucas hukuncin ɗaurin shekara biyu.

Misali na biyu ya fi wannan ban tsoro, domin a nan mai dokar barci ne ya ɓuge da gyangyaɗi. Thomas James Wise na Landan shi ne ake kai wa littafi don ya tantance sahihancinsa, har ya shugabanci ƙungiyar masana tarihin littattafai ta Ingila. Ashe shi da abokinsa Harry Buxton Forman sun daɗe suna buga ƙananan littattafai, suna sa masu tsohuwar shekara, sa'an nan Wise ya shigar da su cikin jerin da shi kansa ya ke wallafawa. Mafi shahara shi ne na waƙoƙin Elizabeth Barrett Browning mai ɗauke da shekarar 1847, alhali waƙoƙin ba su fito ba sai 1850.

A 1934 waɗansu samari biyu masu cinikin littattafai, John Carter da Graham Pollard, suka kawar da kai daga martabar mutum, suka tuhumi takardar kanta. Da aka duba ta da madubin ƙara girma, sai aka ga an yi ta da ɓargon itace wanda aka sarrafa da sinadari, dabarar da ba a fara aiki da ita a Ingila ba sai wajen 1874. Haka kuma samfurin haruffan da aka buga littafin da su bai samu ba sai bayan 1880. Ba su ambaci Wise da laifin ƙarara ba, amma kowa ya gane inda aka dosa. Ya rasu a 1937 bai amsa laifinsa ba, Gidan Tarihi na Birtaniya kuma ya sayi ɗakin karatunsa a kan fam 66,000. Bayan shekaru aka sake gano cewa ya ciro shafuka daga tsofaffin littattafan wannan gida don ya cike giɓin nasa.

Abin lura shi ne, a duk misalan biyu abin da ya ɓatar da masana shi ne son abin ya zama gaskiya da kuma jin nauyin mai kawo shi. Wannan darasi ya shafi masu nazarin rubuce-rubucen Larabci da Ajami na ƙasar Hausa, waɗanda su ma su kan ɗaga takarda ga haske su duba tambarin masana'anta, kamar jinjirin wata uku na takardun Italiya, kafin su yarda da shekarun da aka jingina wa littafi. Duk wanda aka kawo wa wasiƙar wani babban malami, wajibi ne ya fara da tambayar inda takardar ta fito, da hannun da ta bi.