Daga Zariya zuwa Gangara: Yadda Littafin Fari na Marubuci Yake Isa Hannun Mai Karatu

Masu tsara aikin yaƙi da jahilci sun saba ƙidayar mutanen da suka iya karatu a kowace shekara, amma da wuya su yi lissafin abin da mutanen nan za su karanta bayan an rufe aji. Wannan maƙala ta ɗauki tambaya ɗaya daga cikin wannan babbar matsala. Idan wani malamin lakwal, ko wata mace da ta fito ajin manya a Gangara, cikin ƙasar Damargu, ta kammala ƙagaggen labarinta na farko da Hausa, ta wace hanya littafin zai sadu da masu karatu? Shawarwarin da ake samu a littattafan Faransa da Amurka ba su da amfani sosai a nan, domin an gina su bisa kantunan littattafai da jaridu masu sharhi da gidan waya mai kai saƙo har ƙofar gida. Hausa kuwa tana da nata tarihi na shekara casa'in a kan wannan al'amari, kuma a cikinsa ya kamata a nemi amsa.

Zamanin da hukuma take ɗaukar nauyi

Ƙagaggen labari na boko ya fara ne da gasa. A 1933 Rupert East, shugaban Hukumar Talifi ta Zariya, ya zaga manyan garuruwan Nijeriya ta Arewa yana roƙon malamai su rubuta labarai masu tsawo. Daga gasar nan aka sami littattafai biyar da aka buga a 1934 da 1935: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Dukansu sababbin shiga ne a wannan fanni, Imam ma shekararsa 22 kacal. Babu ɗayansu da ya ɗauki littafinsa ya shiga kasuwa da shi. Hukuma ta nemi rubutun, ita ta gyara, ita ta buga, ita kuma ta kai makarantu. Watau marubuci ya sami masu karatu tun kafin ya san yana bukatar nemansu.

Wannan tsari ya daɗe. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairun 1939, ta zama wurin sanar da sababbin littattafai, Kamfanin Gaskiya kuma ya kafu a 1945. Daga 1954 zuwa 1959 hukumar NORLA ta haɗa ɗab'i da azuzuwan yaƙi da jahilci, tana fitar da ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna, irin su Sodangi a Kano, da Himma a Katsina, da Zaruma a Sakkwato. Da aka rufe ta, aikin ya koma hannun Gaskiya, daga baya kuma kamfanin NNPC da aka kafa a 1966 ya gaje shi. Gasar da NNPC ta shirya a ƙarshen shekarun 1970 ita ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, duka a 1980.

Alherin wannan tsari a bayyane yake, domin littattafan 1934 har yau ana karanta su. Illarsa ita ce ƙofar ƙarama ce ƙwarai. Wanda bai ci gasa ba, ko littafinsa bai shiga manhajar jarrabawa ba, rubutunsa yakan tsufa cikin akwati. Wanda ya ci ma, ya dogara ga mai saye guda ɗaya tak, watau ma'aikatar ilimi; ranar da aljihun gwamnati ya bushe, ranar littafin yake tsayawa.

Abin da marubutan Kano suka gano

Aljihun ya bushe a shekarun 1980. Faɗuwar kuɗin man fetur da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 sun sa takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma ga littattafan makaranta kaɗai. A daidai lokacin kuma yaran da suka shiga makaranta ƙarƙashin shirin ilimin firamare na bai ɗaya na 1976 sun girma, sun iya karatun Hausa, ba su da abin karantawa. Sai marubuta suka fara kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗinsu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed, a tsakiyar shekarun 1980, yana cikin na farko. Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu ya biyo baya a 1987, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino kuma a farkon shekarun 1990. A nan ne karon farko marubucin Hausa ya zama shi ne mai bugawa, shi ne mai talla, shi ne mai bin bashi.

Dabarunsu sun cancanci a tsaya a kansu, domin ba daga wani littafin koyarwa suka samo su ba, kasuwa ce ta koya musu. Babbar dabarar ita ce raba labari kashi-kashi. Maimakon littafi ɗaya mai kauri, sai a fitar da na ɗaya, ɗan siriri, a yanke shi daidai inda zuciyar mai karatu ta rataya. Kuɗin da na ɗaya ya kawo shi ke buga na biyu, farashin kowane kashi kuma bai fi ƙarfin ɗaliba ko matar aure ba. Da haka marubuci yakan gwada kasuwa da ƙaramin jari: in na ɗaya ya kwanta, asarar kaɗan ce. Masu nazari sun sha kushe wannan al'ada da cewa tana sa a ja labari ba dalili, kuma sau da yawa gaskiyarsu ne, amma ba domin ita ba da yawancin littattafan ba su fito ba sam.

Sai kuma haɗin kai. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya sun mayar da kowane littafi allon tallar ƴan'uwansa. A shafukan ƙarshe akan jera sunayen littattafan sauran ƴan ƙungiya, da hotuna, da sunayen kantunan da ake samunsu. Sabon marubuci da ba wanda ya san shi yakan shiga gidaje a bayan littafin wanda ya riga ya yi suna. Dillalai irin su kantin Sauƙi da na Jakara City a Kano su ke karɓar kaya da yawa, ƴan kasuwar wasu garuruwa su sara daga wurinsu, har littafin ya kai ga mai shimfiɗa tabarma a tasha. Akwai kuma masu bayar da haya, inda kwafi ɗaya yakan zaga gidaje da dama. Marubuta sun yi ta kuka da masu haya, alhali kuwa su ne suka kai sunayensu cikin gidajen da mata ba su fita kasuwa.

Rediyo ma ya yi aikinsa. Shirin Shafa Labari Shuni na gidan rediyon Kaduna ya karanta labaran da masu saurare suka aiko tun ba a buga su ba, wasu gidajen rediyo kuma suka riƙa karanta littattafai daki-daki. Wanda ya ji rabin labari a rediyo yakan nemi sauran a kasuwa. Har ma muhawarar da ta tashi a jaridu cikin shekarun 1990, bayan da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa littattafan sunan Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu da wasu kuma suka kare su, ta ƙara musu suna maimakon ta rage. Ƙona littattafai da hukumomin Kano suka yi a wata makarantar ƴan mata a 2007 bai hana karatunsu ba.

Wannan gefen iyaka

Tarihin Nijar dabam yake, kuma bambancin ya soma tun zamanin mulkin mallaka, domin lakwal ɗin Faransa bai koyar da Hausa ba. Sai bayan samun ƴancin kai aka kafa hukumar yaƙi da jahilci, a farkon shekarun 1960, aka kuma fara buga jaridun karkara irin su Gangaa da Saabon Ra'ayii da Muryar Damagaram. Mai lura zai ga wasula biyu-biyu a wasu sunayen nan. Wannan gadon taron Bamako ne na 1966, wanda Nijar ta bi wajen nuna dogon wasali ta hanyar ninka shi, Nijeriya kuwa ta tsaya kan rubutun Gaskiya. Shekara goma sha huɗu ke nan masu harshe ɗaya suna koyon rubutu iri biyu, har taron Yamai na 1980 ya daidaita ƙa'idojin. A tsawon lokacin nan wanda ya koyi karatu a Tanut yakan yi tuntuɓe a littafin Zariya, rubutun Tanut kuma baƙo ne a Kano. Ba ƙaramar asara aka yi ba, tun da babbar kasuwar littafin Hausa tana kudancin iyaka.

An buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram a 1973, cibiyar INDRAP ta biyo baya a 1974, CELHTO kuma a Yamai ta buga tarihin baka da ƙamus. Duk da haka abin da aka fi bugawa shi ne littafin aji, da na noma, da na kiwon lafiya. Hikimar ƙirƙira ta bi wata hanyar: wasan kwaikwayon Damagaram ya kai ko'ina ta rediyo da talabijin, ba tare da takarda ba. A farkon shekarun 2000 maɗaba'ar Albasa, da taimakon hukumar GTZ ta Jamus, ta fitar da littattafai cikin harsunan ƙasa, maɗaba'ar Gashingo kuma ta ci gaba da irin wannan aiki a Yamai. Amma hanyar rarraba su ta fi kama da ta Zariya a 1934 bisa ga ta Kano a 1990: aikin tallafi ya saya, a kai makarantu, in aikin ya ƙare littafin ya ɓace. Labaran soyayya da ake gani a kasuwar Dole ta Damagaram kuwa yawancinsu daga Kano ƴan kasuwa suke kawo su, ta hanyar Daura da Matamaye.

Damargu tana nesa da waɗannan cibiyoyi duka. Tanut tana wajen kilomita 150 arewa da Damagaram, kan hanyar Agadas, Gangara kuwa ƙauyukan noma da kiwo ne a yammacinta, wajen Balbeji. Abin mamaki shi ne a ƙarni na 19 ƙasar nan tana bisa hanyar ayarin da ke haɗa Tarabulus da Ayar da Damagaram da Kano, kuma takardar da malaman ƙasar Hausa suke rubutu a kai tana cikin kayan da ayarin yake saukowa da su. A yau takarda daga kudu take hawowa, da tsada, kuma duk lokacin da aka rufe iyaka, kamar a 2019 da 2023, sai hanyarta ta toshe.

Abin da sabon marubuci zai ɗauka daga wannan tarihi bai da yawa, amma tabbatacce ne. A ƙasar da manya masu iya karatun boko ba su wuce kashi ɗaya cikin uku da kaɗan ba, kunne yana gaban ido, saboda haka gidan rediyo ya kamata ya fara zuwa kafin maɗaba'a. Nijar ta san wannan tun kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo a 1962, kuma tun daga na Bankilare a 1999 gidajen rediyon karkara sun yaɗu cikin ƙasa. Labarin da aka karanta kashi-kashi da dare, masu saurare suka yi ta tambayar ci gabansa, shi ne ya cancanci a kashe masa kuɗin ɗab'i. Idan an zo bugawa, kaɗan ya kamata a buga, sirara, da farashin da za a iya biya ranar kasuwa bayan girbin hatsi, ba cikin damina ba sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. Mai kai littafin ga jama'a kuma ba sai mai kantin littattafai ba, tun da babu shi: mai tebur, da mai sayar da littattafan addini, da malamin ajin manya, da direban motar kasuwa, su ne dillalan Damargu. Marubuci guda ba zai iya bin su duka ba, biyar da suka haɗa kai za su iya, kamar yadda Raina Kama ta nuna.

Akwai wata matsala da ta shafi masana harshe kai tsaye. Hausar Damargu ba ta Kano ba ce, a lafazi da kalmomi, kuma tana zaune da Tamajak da Fulatanci da Barbarci. Marubucin da ya goge karin harshensa ƙaf domin neman kasuwar kudu ya zubar da abin da ya bambanta shi da ɗaruruwan marubutan Kano. Wanda kuma ya rubuta kome yadda ake furtawa a garinsu ya rufe wa kansa kasuwar. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a bi daidaitacciyar ƙa'ida cikin bayanin mai ba da labari, a bar mutanen cikin labarin su yi magana da bakin garinsu.

Wayar hannu ta sake fasalin al'amarin tun daga shekarun 2010. Marubuta da yawa, musamman mata, suna sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Facebook da Wattpad, su bayar da farkonsa kyauta, su nemi kuɗi kafin ci gaba. Tsohuwar dabarar kashi-kashi ce ta Kano, an cire mata takarda kawai. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ita ma ta maimaita tsarin 1933, sai dai ladan da ya fi kuɗi daraja shi ne karanta labarin a rediyo, inda za a ji shi har Damargu. Amma rufe dandalin OkadaBooks a 2023 ya nuna cewa abin da aka ajiye a intanet kaɗai yana iya ɓacewa dare ɗaya.

Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar. Wannan zai ƙara yawan littattafan aji, ba shakka, amma littafin aji bai taɓa riƙe mai karatu bayan ya bar aji ba. Cibiyoyin yaƙi da jahilci na Tanut da Balbeji suna da abin da dillalan Kano ba su taɓa samu ba, watau sunayen mutanen da suka iya karatu, ƙauye bayan ƙauye, da malamin da ya san kowannensu. Akwatin littattafai guda a hannun kowane malami, da izinin sayarwa da bayar da haya, da ɗan kaso nasa a kan kowane kwafi, ba zai ci kuɗin da buga sabon littafin koyon baƙaƙe yake ci ba.