Masaukin Mai Ziyara a Wurno da Tarihinsa

Ziyara, wato tafiya takanas zuwa kabarin wani bawan Allah domin yi masa addu'a da tuna lahira, ibada ce da ba ta cika a zamanin tafiyar ƙasa sai da wurin kwana, domin wanda ya taso daga ƙauyukan Rabah ko Gwaranyo da ƙafa ko bisa jaki ba shi da halin komawa gida a yinin da ya iso. Kowace al'umma da irin yadda ta warware wannan buƙata. A ƙasar Japan, alal misali, mabiya addinin Buddha sun mayar da saukar baƙi aikin gidajen ibadarsu, ta yadda a dutsen Koya, inda malami Kukai ya kafa cibiyarsa a shekarar 816, har yau akwai gidajen ibada kimanin 50 da ke kwantar da mai ziyara, su ciyar da shi abincin da babu nama, su tashe shi ibadar safe tare da masu zaman wurin. Ƙasar Sakkwato ba ta bi wannan hanya ba, domin a nan nauyin baƙo bai rataya a kan wani gini na musamman ba, ya rataya ne a wuyan masu gidaje.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina Wurno a gefen fadamar Gulbin Rima wajajen shekarar 1830 a matsayin ribaɗi, wato garin da jama'a ke tarewa a bakin iyaka domin tsaron ƙasa, suna haɗa gadi da karatu da noma, kuma a can ya rasu a 1837 aka binne shi. Hubbarensa, ma'ana ginin da aka tayar a kan kabari, ya sa garin ya zama wurin da masu ziyara ke nufa, kamar Hubbaren Shehu da ke Sakkwato. Tun da yake garin ribaɗi ne, kuma sarakuna irin su Aliyu Babba, wanda Baturen matafiyi Heinrich Barth ya zauna a garinsa a 1853, sun ci gaba da zama a cikinsa, mutanensa sun saba da karɓar manzanni da malamai da fatake, kuma a kan wannan sabo ne saukar mai ziyara ta ginu. Namiji yakan sauka a zauren malami ko na wanda ke da dangantaka da garinsu, a shimfiɗa masa tabarma, a fito masa da tuwo da fura daga cikin gida, shi kuma ya miƙa abin da ya riƙo da sunan sadaka, ba da sunan kuɗin ɗaki ba. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin shi ne ya raba masaukin ziyara da gidan fatoma, mai saukar da fatake a zango yana samun la'ada daga cinikinsu.

Inda al'adar ta fi ƙayatarwa shi ne sha'anin mata. Nana Asma'u 'yar Shehu, matar Waziri Giɗaɗo, ta kafa tsarin 'yan taru, wato ayarin matan karkara da ke zuwa wurinta neman ilimi ƙarƙashin jagorancin jaji, dattijuwar da ake naɗa wa malfa alamar shugabanci. Yawancinsu tsofaffi ne da 'yan mata, saboda matan aure masu goyo ba su iya barin gida, kuma sukan taho da tsarabar hatsi da zuma da tufafi, a sauke su cikin gida wurin 'yan'uwansu mata, a rarraba abin da suka kawo ga mabuƙata. Kwanakin da suke yi a masauki su ne lokacin karatun kansa, domin a nan suke haddace waƙoƙin tauhidi da furu'a, su gabatar da matsalolin da matan ƙauyensu suka aiko su da su, sannan su koma da amsa. Bayan rasuwar Asma'u a 1864 ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin. Duk wanda ya ɗauki masaukin nan a matsayin wurin kwana kawai bai yi masa adalci ba, domin makaranta ce wadda ta kai ilimi ƙauyukan da babu malama a cikinsu.

Mota da kwalta sun rage buƙatar kwana ƙwarai, tun da mai ziyara na iya zuwa da hantsi ya koma da la'asar, sannan muhawarar da ta yi ƙarfi bayan kafa ƙungiyar Izala a 1978 game da neman tabarraki a kaburbura ta sa wasu sun ja da baya. Sai dai sunan garin ya riga ya bi wata hanyar ibada mai nisa tun kafin haka. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Wurno, ya wuce gabas da sauran masu hijira, ya zauna a bakin Kogin Nilu Shuɗi kusa da Sennar a Sudan, kuma garin da ya kafa, mai ɗauke da laƙabinsa, ya zama masaukin mahajjatan ƙasar Hausa masu tafiyar ƙasa, inda wasu kan yi damina ko shekaru suna noma domin tara guzurin ƙetare Bahar Maliya, wasu kuwa suka zauna can har jikokinsu.