Aron Mahaifa: Abin da Mace Ya Kamata Ta Sani Kafin Ta Ɗauki Cikin Wasu

Mene ne aron mahaifa?

Aron mahaifa shi ne mace ta ɗauki cikin da ba nata ba, ta haife, ta miƙa jaririn ga iyayensa. Likitoci kan haɗa ƙwan matar da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, sannan bayan kwana 3 zuwa 5 a dasa ɗan tayin a mahaifar wadda za ta ɗauka. Jaririn ba ya gadon komai na halitta daga gare ta. Ko sikila ma, daga masu ƙwai da maniyyi take zuwa.

Hukunci da doka

Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta halatta shi tsakanin kishiyoyi a 1984, amma ta janye fatawar a 1985. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta haramta shi a taronta na Amman a 1986, saboda gudun cakuɗuwar nasaba. A Najeriya babu dokar tarayya da aka keɓe masa, sai Jihar Legas da ta fitar da ƙa'idojin dashen ciki a 2019. Saboda haka idan rigima ta tashi, mai ɗaukar cikin ce ta fi shiga tsaka mai wuya.

Wace ce ta dace a likitance?

Ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka ta ba da shawarar mace ta kasance tsakanin shekara 21 zuwa 45, ta taɓa haihuwa lafiya aƙalla sau ɗaya, haihuwarta ba ta wuce 5 ba, kuma ba a yi mata tiyatar haihuwa fiye da sau 3 ba.

Gwaje-gwajen da ake yi

- HIV, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere
- Rukunin jini da yawan jini
- Hawan jini da ciwon suga
- Hoton mahaifa
- Ganawa da likitan ƙwaƙwalwa

Kafin dashe ana ba ta sinadaran estrogen da progesterone don su shirya bangon mahaifa, kuma ana ci gaba da progesterone a watannin farko. Ta fara shan folic acid, maikirogiram 400 kullum, tun kafin dashe. Ana gwajin ciki kwana 10 zuwa 14 bayan dashe.

Haɗurra

Cikin dashe ya fi cikin da aka samu ta hanyar saduwa haɗarin hawan jini na masu ciki, wanda kan kai ga jijjiga. Akwai kuma ɓari, ciwon suga na ciki, zubar jini bayan haihuwa da yiwuwar tiyata. Dasa ɗan tayi fiye da ɗaya yana kawo tagwaye da haihuwar bakwaini, shi ya sa aka fi son a dasa guda ɗaya.

Ga macen da ke Doguwa, Tudun Wada, Kiru ko Bebeji, nisa ma haɗari ne. Cibiyoyin dashe suna manyan birane, kuma jini idan ya ɓalle ba ya jiran mota. Ta zauna kusa da asibitin da ke da jini da ɗakin tiyata tun watanni uku na ƙarshe, ta kwana cikin gidan sauro, ta sha maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a wurin awo.

Shirin zuciya

Wata tara ta ji motsinsa, ranar haihuwa nono ya kawo, amma ta koma gida hannu biyu. Wannan kan jawo baƙin ciki mai tsanani. Ta tattauna da mijinta da iyayenta tun farko, ta kuma yi tunanin abin da za ta faɗa wa 'ya'yanta da maƙwabta.

Gargaɗi

Ki guji dillalin da ya yi miki alkawarin kuɗi, ya ce ki ɓoye wa danginki, ko ya karɓe wayarki. Wannan alamar fataucin mutane ce, ki kai ƙara ga hukumar NAPTIP. Kada ki sa hannu a takardar da lauyanki bai karanta miki ba. Takardar ta fayyace wanda zai biya kuɗin magani, da abin da za a yi idan ciki ya zube ko kin samu matsala.

Idan kina da ciki kika ga jini, ciwon kai mai tsanani, dishi-dishi ko kumburin fuska, ki garzaya asibiti nan take.