Oscar Schmidt, Mai Hannu Mai Tsarki

An haifi Oscar Daniel Bezerra Schmidt ranar 16 ga Fabrairu 1958 a birnin Natal da ke arewa maso gabashin Brazil. Ɗan wasan ƙwallon kwando ne mai tsayin mita 2.05, wanda 'yan ƙasarsa suka yi wa laƙabi da Mão Santa, wato hannu mai tsarki, saboda da wuya jifarsa ta kuskure kwando. Shi kuwa laƙabin bai kwanta masa ba, yakan ce atisaye ne kawai ya horar da hannun.

Ya fara suna a Palmeiras, sannan Sírio, ƙungiyar da ya ci kofin duniya na ƙungiyoyi da ita a 1979. A 1982 ya koma Italiya, ya yi shekara takwas a Caserta, uku a Pavia, daga nan ya wuce Valladolid ta Sifen.

A 1984 ƙungiyar New Jersey Nets ta gasar NBA ta zaɓe shi, ya ce a kai kasuwa. A lokacin duk wanda ya shiga gasar NBA ya yi sallama da rigar ƙasarsa ke nan, dokar da ba a soke ba sai a 1989. Oscar ya zaɓi rigar Brazil mai lamba 14.

Shekara uku bayan haka, a wasan ƙarshe na gasar nahiyar Amurka a Indianapolis, Brazil ta gamu da masu masaukin baƙi, wato Amurka, har da David Robinson a cikin 'yan wasansu. An tafi hutun rabin lokaci Amurka na gaba da maki 14. Da aka dawo, sai Oscar ya shiga jefa ƙwallo daga nesa, tana faɗawa ɗaya bayan ɗaya. Ya tashi da maki 46, Brazil ta ci 120 da 115. Ana busa tashi ya zube a ƙasa yana kuka.

Sau biyar ya je gasar Olamfik, daga Mosko a 1980 zuwa Atlanta a 1996, ya tara maki 1,093. A Seoul a 1988 ya zuba wa Sifen maki 55 a wasa guda, amma Brazil ce ta sha kashi. Lambar Olamfik kam bai taɓa samu ba. Wajen tsare gida ma ba a yabonsa sosai.

Ya ajiye wasa a Flamengo a 2003, yana da shekara 45. A 2013 aka shigar da shi zauren gwarazan ƙwallon kwando na Naismith da ke Springfield, tsohon ɗan wasa Larry Bird ne ya raka shi kan dandamali.