Mai Yawo da Ɗan Gantali a Dokar Ingila

A ƙamus, kalmomin Ingilishi "wanderer", "vagabond" da "vagrant" kusan abu ɗaya suke nufi: mutumin da bai zauna wuri ɗaya ba. Mu ma muna da matafiyi, mai yawon duniya da ɗan gantali, kuma mun san wanne ake zagi da shi. Amma a Ingila, doka ce ta raba waɗannan kalmomi.

"Wander" tsohuwar kalmar Ingilishi ce, ta tafiya ba tare da an nufi wani wuri ba. "Vagabond" kuwa ta biyo ta Faransanci daga Latin, kuma bakin alƙalai ta faɗa. Bayan annobar da ta shiga ƙasar a 1348 ta hallaka ɗimbin jama'a, 'yan ƙwadago sun yi ƙaranci, suka riƙa barin ƙauyukansu suna neman inda lada ya fi tsoka. Masu gonaki ba su ji daɗi ba. A 1388 aka hana ɗan ƙwadago barin yankinsa sai da takardar izini. Dokar 1494 ta ce a sa "vagabond" a turu kwana uku, ba ya cin komai sai burodi da ruwa. Ta 1547 ta fi muni: a yi masa lalas da harafin V a ƙirji, a bautar da shi shekara biyu. Ba ta daɗe ba aka soke ta.

Abin lura shi ne wanda kalmar ba ta taɓa hawa kansa ba. A ƙarni na 18 'ya'yan manya kan shafe shekaru suna zaga Faransa da Italiya ba aikin fari ba na baƙi, ana kiransu "traveller", ana cewa ilimi suke nema. Tsohon sojan da ya dawo daga yaƙin Napoleon bai da wurin kwana, shi ne "vagrant" na dokar 1824.

Turawan mulki sun kawo mana irin wannan doka. Har kalmar "wandering" mai taushi ta zama laifi a Najeriya, 'yan sanda na kama mutum da dare don kawai ya kasa bayanin inda za shi. Sai a 1989 gwamnatin soja ta soke wannan laifi.