Mandawari da Hanyar Gwanja

Mandawari unguwa ce a cikin birnin Kano, yamma da Gidan Rumfa, kuma a tsarin mulkin yau mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Gwale. Wanda ya bi Sabon Titi ya san ta. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne sunan na mutum ne, baƙon malami daga ƙasar Mali, kuma yana cikin tsofaffin alamun da suka rage na hanyar fatake da ta haɗa Kano da ƙasashen yamma.

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya buga fassararsa a 1908, ya ce Wangarawa, malamai daga Mali, sun iso a zamanin Sarki Yaji (1349–1385), su kusan arba'in, ƙarƙashin Abdurrahman Zaite. A cikin sunayen da ya jera akwai Famori, Sheshe da Mandawari, wanda wani wurin ake rubutawa Mandawali. Da aka raba muƙamai, Zaite ya zama alƙali, Gurdumus ya zama limamin sarki, shi kuwa Mandawari aka ba shi limancin Wangarawa duka da manyan gari. Sheshe ma unguwa ce har gobe.

A kan shekarar zuwan ne ake samun saɓani. Akwai wani rubutun Larabci, Asl al-Wangariyin, da aka rubuta a 1061 bayan Hijira, wato wajen 1650, wanda Muhammad al-Hajj ya buga a mujallar Kano Studies a 1968. Shi cewa ya yi Zaite ya baro Mali a 835 bayan Hijira, wajen 1432, da niyyar aikin Hajji, ya ratso Azbin, Gobir da Katsina yana barin almajirai a hanya, ya sauka Kano a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), har ya yi zamani da Shehu Magili. Tsakanin Yaji da Rumfa kuwa akwai kimanin shekara ɗari. Shi ma wannan rubutun bai kuɓuta ba, domin Magili ya zo Kano wajen 1492. Idan an karɓi 1432, tafiyar ta ci shekara sittin ke nan. Duk da haka ya fi cancantar a dogara da shi a kan Zaite, saboda ya girmi Tarihin Kano, wanda bai kammalu ba sai zamanin Sarki Muhammadu Bello, ƙarshen ƙarni na 19. Abin da hankali ya fi kwantawa da shi shi ne Wangarawa sun yi ta zuwa ayari bayan ayari, daga baya marubuci ya tattara su a zuwa guda, ya ɗora musu shugaban da ya fi suna.

Malaman nan 'yan kasuwa ne kuma. Wangarawa su ne suka riƙe cinikin zinariya da goro a daular Mali, kuma Paul Lovejoy ya nuna a 1978 irin rawar da suka taka wajen ɗinke Ƙasar Hausa da wannan ciniki. Tarihin Kano ya danganta buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja da Sarki Abdullahi Burja (1438–1452), sannan ya ambaci fataken Gwanja a Katsina a zamanin Yakubu, wanda ya gaje sarautar jim kaɗan bayansa. Goro kansa, littafin ya ce a zamanin Sarauniya Amina aka fara samunsa a Ƙasar Hausa.

Ganiyar hanyar tana ƙarni na 19, lokacin Wangarawa sun riga sun narke cikin Kanawa, fataucin ya koma hannun Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari. Ayari kan tashi da rani, madugu na shugabanci, jagaba na gaba yana neman zango. Jakuna da alfadarai na ɗauke da kanwa, turkuɗi, jar fata da gabu. Wasu su bi ta Jega su haye Kwara a Illo, wasu ta Yawuri da Busa, sai Bargu, Nikki, Jugu, Sansanin Mango, Yandi, har Salaga, kasuwar da Asante ke kai goronta. Kowane sarki a hanya sai an biya shi fito. A dawowa aikin ya fi wuya: goro ba ya son zafi, dole a riƙa kwance huhu, a tsince ruɓaɓɓe, a yayyafa ruwa, a sake naɗewa da ganye. Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kaiama a 1826, ya ƙiyasta mutanensa sun kai dubu. Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ce kayan jaki fiye da 500 na goro ke shigowa duk shekara, kowanne wajen wuri 200,000 idan ya iso lafiya. Wannan adadi na birnin Kano ne kaɗai, ban da abin da aka sauke a Sakkwato da Jega.

Daga baya hanyar ta ja baya: Ingila ta ci Asante da yaƙi a 1874, yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Alhassan Ɗantata (1877–1955), Ba'agale, yana cikin waɗanda suka koma ɗauko goro ta jirgin ruwa zuwa Ikko. Yau babbar kasuwar goron Kano tana Mariri, a kan hanyar Maiduguri, nesa da Mandawari.