Askar wanzami, rezar Gillette da ƙurajen da ke haɓarmu

Gidanmu gidan wanzamai ne. Kakana da aska ya ci abinci har ya bar duniya, mahaifina ya gaje shi, ni kuma na yi riƙon zabira ina yaro kafin karatun boko ya janye ni. Saboda haka idan na zauna kusa da mutum, kafin in lura da rigarsa na lura da askinsa. Abin da nake gani a wuyan samarin yau, waɗannan ƙuraje masu tauri da suke jeruwa daga haɓa zuwa maƙogwaro su bar baƙin tabo, ban taso ina ganinsu haka a fuskokin dattawan da ke zama kan tabarmar kakana ba. An san ƙurajen aski a da, amma ba su zama ruwan dare ba. Fatarmu tana nan yadda take, gashinmu ma haka. Kayan askin da tazarar da ke tsakanin aski da aski su ne suka sauya, kuma wannan sauyin yana da tarihi.

Wanzanci a ƙasar Hausa bai tsaya ga cire gashi ba. Wanzami shi ne mai kaciya, mai ƙaho, mai tsagar gado, mai cire beli, kuma shi ake kira ranar suna ya yi wa jariri askin farko. Sana'a ce ta gado mai shugabanta, Sarkin Aska, wanda fada ta san da zamansa. A zabirar kakana kowace aska da aikinta, ta aski daban, ta kaciya daban, ƙananan na tsaga daban, duk ƙirar maƙeran garinmu. Yakan wasa ta a dutse, ya goga a fata, ya jiƙa kan mutum da ruwa yana murzawa har gashin ya yi laushi, sannan ya ɗora. Gidaje yake bi, kowane wanzami da gidajen da ya gada, ranar kasuwa kuma ya zauna a rumfa.

Abin lura shi ne yadda ake askin. Magidanci yakan yi ƙwalƙwal ko saisaye bayan mako ɗaya ko biyu, galibi gab da Juma'a, ko idan salla ta matso. Fuska kuwa gyara ake yi mata. A rage gashin baki, a daidaita saje, a share gefen kumatu. Gemu ana barinsa, don sunna ce kuma alamar girma ce. Ƙasan muƙamuƙi da wuya, inda ƙurajen nan suka fi yin kaka-gida, aska ba ta cika sauka a wurin ba. Ba zan ce askar wanzami ba ta kawo ƙuraje ba, tana kawowa, domin ita ma ƙarfe ce mai kaifi kuma wanzami yana jan fata kafin ya yanka. Amma fatar da aka aske yau ba za a sake taɓa ta ba sai ta huta.

Mutane da yawa suna ɗauka dattin reza ne ko ɓacin jini ke kawo ƙurajen nan. Asalin abin a siffar gashinmu yake. Gashin baƙar fata murɗaɗɗe ne, kuma ramin da yake tsirowa a cikinsa ma a lanƙwashe yake. Idan reza ta yanke shi, bakinsa yakan fita da tsini. Yana ƙara tsawo sai ya lanƙwaso ya soki fatar da ke kusa da shi ya nutse. In kuwa an yanke shi har ƙasa da fata, ba ya ma samun fitowa, sai ya huda bangon raminsa ta ciki. Jiki yana ɗaukarsa kamar ƙaya ce ta shige shi, sai wurin ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi, wani lokaci ya tara ruwa. Washegari a sake bi ta kai da reza, a fille kan ƙurjin, a sake fiƙe gashin. Ƙwayoyin cuta daga baya suke shigowa, bayan an buɗe musu ƙofa. Mai miƙaƙƙen gashi bai cika haɗuwa da wannan ba, shi ya sa waɗanda suka ƙirƙiro askin kullum ba su ga aibinsa ba.

Askin kullum kuwa bai daɗe da zama ruwan dare a duniya ba. Ko a Turai da Amurka, a ƙarni na 19 namiji yakan je wurin mai aski ne lokaci-lokaci, domin riƙe doguwar aska a gaban madubi sai gwani. Wani Ba'amurke mai suna King Camp Gillette ne ya fito da reza mai bakin da ake cirewa a yar. A 1903, shekarar da ya fara sayarwa, reza 51 kacal aka saya. A 1904 ya samu takardar mallakar fasahar. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya ƙara buɗe masa kasuwa, saboda an yi amfani da iskar guba a fagen fama, kuma abin rufe fuska ba ya kama fuskar mai gemu yadda ya kamata. A 1918 rundunar Amurka ta raba wa sojojinta miliyoyin rezar Gillette. Da suka koma gida suka koma da al'adar, sai fuska sumul kowace safiya ta zama alamar ma'aikacin kirki.

Daga nan kamfanoni suka shiga gasar wanda zai fi aske gashi ƙurmus. A 1971 kamfanin Gillette ya fito da Trac II mai baki biyu, a 1975 Bic ya kawo rezar roba da ake yarwa gaba ɗaya, a 1998 kuma Mach3 mai baki uku ta shigo. Dabarar baki biyu ita ce na farko ya ɗan jawo gashin waje, na biyu ya yanke shi kafin ya koma, sai guntun ya nutse ƙasa da fata. Ga mai miƙaƙƙen gashi wannan santsi ne. Ga irinmu kuwa, daidai abin da ke haifar da ƙurjin ke nan aka ƙera aka sa a kwali.

Baƙaƙen fatar Amurka sun ɗanɗana kuɗarsu, musamman a aikin soja inda aski doka ne. A 1956 likitocin fata biyu, John Strauss da Albert Kligman, suka yi bayanin matsalar a rubuce, suka nuna cewa gashin ne ke komawa cikin fata. Binciken da aka yi ta yi bayan haka ya nuna tana kama kaso mai yawa na baƙaƙen sojojin da ake tilasta wa aski, har rundunonin suka fito da takardar likita mai ba soja izinin barin ɗan gajeren gashi. Rigimar ta kai kotu. A 1993 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa dokar hana gemu da ake yi wa masu kai abincin Domino's Pizza tana cutar da baƙaƙe fiye da kowa, dole a ɗaga wa masu wannan larura. Har yau maganar ba ta mutu ba, don a 2025 ma'aikatar tsaron Amurka ta sake tsaurara sharuɗɗan wannan izini.

Mu a nan, al'adar ta biyo kaki da ofis ne. Soja, ɗan sanda, ma'aikacin banki da na otal, duk an ɗora su kan cewa tsabta ita ce haɓa sumul. Reza ta cika kantuna da teburan 'yan tireda, ta yi arha har yaro ma yana iya saya. Sai kilifa mai lantarki ta zo, irin wadda Leo Wahl ya yi wa rajista a Amurka a 1921, shagunan aski masu madubi da janareto suka bazu a birane, samari suka bar tabarmar wanzami. Bayan an tabbatar da ɓullar cutar ƙanjamau a Nijeriya a 1986, aka yi ta faɗakarwa kan haɗarin aska ɗaya ga mutane da yawa, saboda ita da ciwon hanta. Wannan faɗakarwa gaskiya ce, kuma mahaifina da kansa ya koma sa sabuwar reza ga kowane kai. Sai dai ta sa mutane suka ɗora laifin kowane ƙurji kan kayan wani. Na san masu yawo da kilifarsu ta kansu a jaka, ba mai taɓa ta sai su, kuma wuyansu bai daina fitar da ƙuraje ba, domin sun sa an matse bakinta tana aski kamar reza.

Askin zamani ya ƙara wani abu, wato fitar da layi da tsirarar reza a goshi da saje da ƙeya duk bayan 'yan kwanaki. Ƙurajen ƙeya, waɗanda kan haɗe su zama tudu mai tauri gashi ya daina fita a wurin, ba a wasa da su. Askin da ya kai fata da gugar wuyan riga suna tsananta su, kuma in suka yi tudu sai likitan fata, wani lokaci da allura a cikin tabon, wani lokaci da tiyata.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne magungunan da ake ba juna a bakin shago. Na ga wanda ya shafa man birki, na ga mai kananzir, na ga mai man goge baki. Waɗannan ƙona fata suke yi, ƙurjin ya tafi ya bar tabon da ya fi shi muni. Mayukan nan masu sa fari da ake saye ba takardar likita su ma suna kwantar da kumburi na ɗan lokaci, sannan su sirantar da fata.

Maganin farko shi ne a ajiye reza. Mako uku zuwa huɗu ba aski, gashin da ya nutse zai yi tsawo ya fizgo kansa waje, yawancin ƙurajen su baje. Wanda ya hango gashi ya yi lanƙwasa a kan ƙurji yana iya ɗago bakinsa da allura mai tsabta, amma kada ya tuge shi, don sabon da zai tsiro a ciki zai maƙale. Bayan an warke, a koma kilifa a bar gashin ya kai kamar milimita 1. In aski da reza ya zama dole, a jiƙa fuska da ruwan ɗumi tukuna, a sa kumfa, a ɗauki mai baki ɗaya mai kaifi, a bi inda gashin ya kwanta, kada a ja fata kuma kada a maimaita wuri ɗaya. Inda abin ya yi tsanani likita yana rubuta man shafawa irin su benzoyl peroxide, clindamycin ko tretinoin, ko ƙwayoyin sha idan ya yi ruwa. A manyan asibitoci akwai na'urar leza mai kashe tushen gashi, kuma nau'in da ake kira Nd:YAG shi ya fi dacewa da baƙar fata, sai dai tsada. Mata masu tuge gashin haɓa, ko masu aske hammata da mara da reza, hanyar kamuwarsu ɗaya ce da ta maza, maganin ma ɗaya.

Kirana ga masu shagon aski shi ne ku daina matse bakin kilifa don a yabi kaifinku, kuma wanda ya zo da ƙuraje ku ce masa ya je ya huta wata guda ko da za ku rasa kuɗin askin. Hukumomi da kamfanonin da ke tilasta wa ma'aikata askin kullum kuma su karɓi takardar likita, su bar mai wannan larura ya ajiye gajeren gashi a gyare.